Hawayen da Suka Taru a Idona na Hagu

Maigidana ya rasu a farkon damina, shukarmu ko tsirowa ba ta yi ba. Ƴata Auta ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa a cikinsa ba. Na ce mata inda na tsaya ta jira ni, kada ta cike mini da nata.

Tun da aka kawo ni gidan nan, ni ce mai bin bayansa ranar shuka. Shi yana gaba da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, ni ina baya da ƙwaryar iri, in jefa a gurbi in rufe da dunduniya. Mutum ne dogo, takinsa mai faɗi, gonarsa ko daga nesa ana gane ta don geronsa ba ya matse juna. Ƴaƴanmu maza sun daɗe suna aiko masa daga wurin bidarsu ta neman kuɗi cewa ya bari ya huta, shi kuwa yana cewa ran da ya bar sungumi a zo a ɗauke shi. A shekarar da nake magana, mun kusa gama gonar tudu, saura ɗan lungun da ke wajen gawo, sai ya ce in koma gida in dama masa fura, zai ƙarasa shi kaɗai. Na miƙa masa ƙwaryar irin na taho. Da ya dawo bai sha furar ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta a rumfa. Bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Yana da yaya mace, ita ta goya shi yana jariri, mijinta ya daɗe da rasuwa, danga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu. Ni Yaya nake ce mata. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ni take ce mini Amarya, har yau da haƙorana suka zube ba ta sake ba. Lokacin da maza suka ɗauki makara za su fita da shi, na ji kukan ya taso mini tun daga cibiya. Na buɗe baki, sai ta kama mini wuyan hannu ta matse.

"Amarya, haɗiye shi."

Na dube ta.

"Duk ɗigon da ya sauka daga idonki, ruwan zafi ne a bisa jikinshi. Hakanan uwarmu ta faɗa muna. In kina son shi, ki bar shi ya kwanta cikin sanyi."

Mutumin nan ba ya son zafi. Kunu ma sai ya juya shi da ludayi ya yi ta hurawa har ya huce, yara suna yi masa dariya. Da ta ce ruwan zafi, bayansa na gani, fatar nan da ta tsufa. Na haɗiye kukan. Na ji saukarsa a maƙogwaro kamar loma wadda ba a tauna ba.

Haka na shiga takaba. Ba kwalli, ba kitso, ba kasuwa, ba gona. Ni kuwa mace ce wadda ba ta iya zama ba. Tun ina yarinya uwata take cewa an haife ni da ƙaya a zane. Da hantsi zan ji mutane suna wucewa bayan danga da hauya a kafaɗa, suna labarin wane ya fara noma, gonar wane tsutsa ta shiga, ni ina tsakar gida ina share inda na riga na share. In shiga ɗaki, in fito, in je gindin rumbu, in dawo, in ɗauki buta in ajiye ta a wani wuri, in koma in maida ta inda take. Mata suna zuwa gaisuwa, kowace ta ce mini in yi haƙuri, kowace ta yaba yadda na daure. Suna cewa ba su taɓa ganin mace mai tawakkali irina ba. Ba su san sau nawa a yini kukan yake tasowa in danne shi ba. In na ga takalminsa a bakin rumfa ya taso. In akuyarsa ta yi kuka a lokacin da ya saba ba ta dusa ya taso. Sai in cije leɓe, in ɗaga kai sama, in yi ta ƙifta ido har ya koma.

Wajen lokacin da aka gama noman fari na fara jin idona na hagu yana nauyi. Can sama ne, wajen wutsiyar ido, ƙarƙashin gira. Da na shafa sai na ji ɗan abu kamar ƙwayar wake, mai laushi, yana gudu ƙarƙashin yatsa. Ba ya ciwo. Na ɗauka ƙurji ne zai nuna ya fashe. Bai nuna ba, bai yi ja ba, bai yi ruwa ba. Abin da na lura da shi, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne duk ranar da na fi haɗiye kuka, ranar ya fi cika. Haka in iskar hadari ta buge ni a fuska, ko hayaƙin murhu ya shige ni. Da safe yakan ɗan saki, kafin la'asar ya yi tam.

Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Na ce a raina hawayen da na hana fita ne suka sami wurin zama. Sai ma na ji wani irin daɗi, don ga su nan a jikina, ba su ƙone shi ba, ba su kuma ɓata ba. Nakan sa yatsa in taɓa wurin a hankali in ce wa maigidana, "Ga naka nan, ina riƙe maka."

Wata ƴar ɗakin uwata, daga cikin danginmu da ba su bar al'adar kakanni ba, ta zo gaisuwa daga ƙauyensu ta gani. Ta ce iska ce ta raɓe ni, ta bar mini wata saiwa in riƙa turarawa. Yaya ta ce a kira wanzami ya tsaga. Na ce ba mai taɓa mini ido. Saiwar tana nan har yau cikin tukunya, ban ƙona ba.

Auta tana aure a Filinge, tana sayar da kayan miya ranar kasuwa. Ita ce cikin ƴaƴana ba ta jin nauyin gaya mini magana. Da ta zo ta ganni, kaya ma ba ta sauke ba.

"Inna, mi ya samu idonki?"

"Ba komi. Barci ne ban samu ba."

"Barci shina tsirowa ido guda? Ɗaga kanki in gani."

Ta ce gobe za mu gidan likita. Yaya ta leƙo ta kan danga ta ce mai takaba ba ta fita. Auta ta ce, "Gwaggo, mai takaba ba ta makancewa ne?" Ta tafi wurin limamin garinmu ta tambayo, ya ce rashin lafiya lalura ce, in je da rana in dawo in kwana a ɗakina. Ta kuma tambaye shi maganar hawaye, don ta ji abin da gwaggonta ta ce mini ranar rasuwa. Ya ce hawayen ido ba ya cutar da mamaci, abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da faɗin maganar da ba ta dace ba. Auta ta kawo mini wannan kamar ta kawo tsaraba. Na ji da kunnena, na kuma yarda malam ya fi ni sani. Amma maganar Yaya ta riga shiga, ta kama wuri. Na ce in malam ya yi daidai, haɗiyewar ba ta cuci kowa ba. In kuwa Yaya ce ta yi daidai, wa zai je ya ɗebe masa ruwan zafin?

A yammacin ranar, ina sallar la'asar, na kai goshi ƙasa, sai na ji wani abu ya saki a idon. Ruwa mai ɗumi ya gangaro ya ɗiga a tabarma. Ba kuka nake ba, shi kaɗai ya zubo. Na sallame a gigice, na sa bakin zane ina goge tabarmar, ina ce wa maigidana ya yafe mini, ba da gangan ba ne. Na rasa inda zan sa kaina. Na zagaya tsakar gidan nan har kaji suka shiga akurki. Da na shafa wurin, ya lafe kamar ba a taɓa yin komai ba.

Don haka da muka hau amalanken jaki muka je Filinge washegari, majo, ma'aikacin gidan likitan, ya duba bai ga abin kirki ba. Ya ba ni maganin shafawa, ya ce in ya sake cika mu dawo kafin ya zube. Bai daɗe ba ya cika, ya ma fi na da. Muka koma. Wannan karon ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan ba irin ƙurjin da suka saba gani ba ne, ba kuma zai taɓa shi ba, sai mu je Yamai, babban birni, wurin likitan ido. Yamai kuwa ba a zuwa a dawo a yini ɗaya da tsohuwa. Na ce sai na fita takaba. Auta ta yi faɗa, ta yi lallashi, na ce ba zan kwana a wani ɗaki ba alhali ina cikin kwanakinsa.

Sauran daminar nan ban san yadda zan kwatanta ta ba. Abin ya kai girman ɗan kurna. Fatar idon ta sauko ta rufe mini rabin gani, in zan dubi mutum sai na karkata kai kamar kaza. Cikin idon kuma kamar an zuba yashi. Na daina sunkuyawa sosai don kada ya zube, garwashi ma da ƙafa nake turawa. Babban ɗanmu ya dawo ya kama gonar, maƙwabta suka yi masa gayya. Kullum ya shigo sai in tambaye shi gero ya kai ina. Ya ce ya kai gwiwa. Ya ce ya kai ƙugu. Ya ce ya yi ciki, ya fitar da kai. Shukar da muka yi da hannunmu ta girma ta nuna ban gan ta ba. In na tambaye shi lungun gawo, sai ya ce lafiya lau, ya tashi ya ba dabbobi ruwa.

Ranar da na fita takaba aka yi mini wanka da kitso, aka raba sadaka. Da mutane suka watse, Yaya ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado.

"Amarya, yanzu ƙasa ta saba da shi. In kina da kuka, yi abinki."

Na zauna na jira. Na tuna fuskarsa, na tuna makara, na tuna furar da bai sha ba. Ƙirjina ya cika, kumburin ya yi tam har ina jin bugunsa. Ko ɗigo bai fito ba, ko a idon dama. Na yi ta matsawa kamar mai naƙuda. Yaya ta gaji da jira ta ce tuwonta yana kan wuta.

Tun daga ranar tsoro ya canza mini. Da ina tsoron kada hawayen su zubo. Yanzu na tabbata duk kukan da nake da shi na mutumin nan ya shige cikin ƴar jakar nan, ba saura a wani wuri. Ga shi kuma ana shirin kai ni inda za a yanke ta.

Mun shiga motar kasuwa daga tashar Filinge, ni a tsakiya, buhun wake a ƙarƙashin ƙafata. Duk ramin da motar ta faɗa sai in dafe idon da tafin hannu. Wani mai awaki da ke kusa da ni ya ce, "Hajiya, zinariya kika ɓoye a ciki?" Na ce masa ya ji da akuyarsa da ke cin bakin mayafina. Muka sauka gidan wata ƴar ƙanen maigidana.

Likitar idon mace ce, Bazabarma, ba za ta girmi Auta ba. Hausarta tana da ɗan karkace amma ana ganewa. Ta zaunar da ni, ta sa na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta rage hasken ɗakin. Ta sa babban yatsa ta ɗaga fatar idon sama.

"Inna, dubi ƙasa, wajen hancinki."

"Wannan ba wuya. Tun farkon damina ƙasa nika dubi."

Ta yi ƴar dariya. Ta kira Auta ta zo ta gani. Auta ta gaya mini daga baya cewa da aka ɗaga fatar, abin ya leƙo daga ciki, shuɗi-shuɗi, sumul, yana sheƙi kamar dutsen wuya. Likitar ta ɗauko ƴar fitila ta manna a gefensa, sai duk ya haskaka, hasken ya ratsa shi. Ta ce da tsoka ce ko wani mugun tsiro, haske ba zai wuce ba. Wannan ruwa ne a ciki.

Ta tambaye ni ko yana ƙaruwa in iska ta buge ni. Na ce e. In hayaƙi ya shige ni? Na ce e. Ya taɓa zubewa da kansa ya sake cika? Na dubi Auta, don ban san ta yaya matar nan ta sani ba.

"In kin yi kuka fa?"

"Ba ni kuka."

"In kin ji kamar ki yi?"

Auta ce ta ba ta labarin duka, tun daga ranar makara. Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mun yi wauta ba. Ta juya fatar idon ta sake dubawa, ta tambaye ni ko na yi ciwon ido ina yarinya. Na ce wane yaro ne a ƙasarmu ta Kurfai bai yi amodari ba a zamaninmu, mun tashi da kwantsa ƙudaje suna binmu. Ta ce ga tabonsa nan har yanzu a ciki.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce a saman kowane ido, wajen wutsiya, akwai wurin da hawaye ke tsatsowa, yana da ƴan hanyoyi sirara da yawa da suke zubowa cikin ido. Ɗaya daga cikin nawa ce bakinta ya toshe, wataƙila saboda tsohon tabon nan, ruwan yana zuwa ba ya samun mafita, sai hanyar ta kumbura ta zama jaka. Ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, ita ma kaɗan ta taɓa gani.

"To hawaye ne a ciki," na ce.

"Hawaye ne."

"Nashi ne ke nan."

"Inna, ido shina yin ruwa kullum, ko mutum na dariya, ko shina barci. Da kin yi kukan nan tun ranar, da jakar ga ta cika duk da haka. Ba haɗiyewarki ta kawo ta ba."

Ta liƙa mini wata ƴar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa, kowane ido ɗaya, ta ce in rufe. Da ta cire ta duba inda ruwa ya kai, ta ce idanuna suna da ruwansu daidai na mai shekaruna. Ta aika mu aka ɗauki hoton wurin da na'ura, don ta tabbata abin bai yi rassa zuwa bayan ido ba. Bai yi ba. Ta ce in an tsotse da allura zai sake cika, maganin shafawa kuma ba ya buɗe hanyar. Sai dai aiki. Za ta bi ta cikin fatar ta cire jakar, ba tabo a waje, ba za a sa ni barci ba, wurin kawai za a kashe.

Na yi mata tambayar da ta kawo ni. Na ce in ta yanke, idon zai ƙara yin kuka?

Ta ce sauran hanyoyin suna nan kusa da jakar, sirara ne kamar gashi, za ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kauce musu. Yawanci ido yana ci gaba da ruwansa. Wani lokaci yakan ɗan bushe, sai mutum ya riƙa ɗiga magani. Ta ce ba za ta rantse mini ba.

Na ce a ba ni lokaci, aka dai sa mana ranar aiki. Kwanakin da muka yi a gidan nan na Yamai kafin ranar aikin, matar gidan ta ce na kusa haƙa mata rami a tsakar gida da zirga-zirga. Gida ne na siminti, ba rumbu, ba dabba, ba abin da zan kama. In na zauna sai in tashi. Na ce wa Auta mu koma, na fasa. Tana yankan kuɓewa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mu koma ki yi mi da ita?"

"In riƙe abina."

"Kin riƙe tun damina. Gwaggo ta ce ki yi kuka, kin yi? Inna, wanga abu da kike tsaro, ko ke ba ki iya buɗe shi. Baba bai samu ba, ke ba ki samu ba. Ido kawai za ya rufe."

Na ce mata ba ta da kunya. Ta ce ta sani, a wurina ta gado. Na fita bakin ƙofa na tsaya ina kallon motoci da ido ɗaya da rabi. Da na dawo na ce ta wanke mini zanen da zan sa.

An kwantar da ni, aka rufe mini fuska da ƙyalle mai huda a wajen idon. Allurar ta yi zafi, daga nan wurin ya mutu. Ina jin ana taɓawa, ana ja kaɗan-kaɗan, ina jin ƙarar ƙananan ƙarafa, ga fitila a kaina kamar rana. Likitar tana magana da mai taimakonta da Faransanci, jefi-jefi ta ce mini, "Inna, kina nan?" in ce ina nan, ina za ni. Na riƙe bakin gadon, ina ta salati. Can wajen ƙarshe na ji ɗumi ya gangaro ta gefen fuskata, ya bi ta gashi ya shige mini kunne.

"Ta ɗan fashe," in ji likitar. "Ba komi, na riga na kewaye ta, duka za ta fito."

Aka kawo auduga za a share mini kunnen. Na ce a bar shi. Likitar ta ce a bar mini. Na kwanta ina jin ruwan nan a kunnena har ya huce. Ko ba komai, ba a kwandon shara ya ƙare ba.

Ta nuna wa Auta jakar a cikin ƴar kwalba, ta ce za a kai a bincika. Daga baya aka ce ba mugun abu ba ne. Da aka cire bandejin idon ya yi ja ya kumbura, amma nauyin ya tafi, na ga rufin ɗaki da idon hagu ba tare da na karkata kai ba. Kafin a sallame mu ta sake liƙa mini ƴar takardar nan. Ta jiƙe. Ta nuna mini tana murna. Na yi mata godiya ƙwarai, don ta cancanta. A raina kuwa na ce takarda ba ta san abin da nake nema ba.

Muka dawo gida an gama girbi, dammuna suna cikin rumbu. An hana ni hayaƙi da sussuka har wurin ya warke, ga maganin ɗigawa safe da yamma. Na koma zirga-zirgata. Na ɗauko rigarsa na shinshina, ba abin da ya zo. Na zauna a inda ya kwanta a rumfa, ba abin da ya zo. Wata rana na yanka albasa na kai ta kusa da fuska, idanu biyu suka kawo ruwa. Yaya tana kallona ta kan danga.

"Amarya, albasa kike ma takaba yanzu?"

Na jefar da albasar. Na ce mata gona za ni.

"Gonar mi? An girbe. Kara kaɗai ya rage."

"Shi za ni gani."

Ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai da sabon ɗinki ba. Ta ɗauko sandarta, muka kama hanya, tana mita tana cewa na fi akuya yawo. Gonar tana nan yadda na san ta, karare a tsaye, wasu shanu sun tattake. Na bi layin shukarmu, gindi nan, gindi can, faɗin takinsa, har zan iya sa ƙafata in ce a nan na rufe wannan. Na yi ta tafiya har inda na miƙa masa ƙwarya na juya gida.

Daga nan layin ya fara sakewa. Gindayen geron suka fara matsowa kusa da juna. Da farko kaɗan ne, sai wanda ya san takinsa zai gane. Gaba kaɗan tazarar ta koma irin ta mace, sannan irin ta yaro. Layin da bai taɓa karkacewa ba ya karkata ya nufi inuwar gawo. Kusa da gindin itacen akwai wuri ɗaya da kara ya fito cunkus, sirara, ba wanda ya yi kai, irin yadda gero ke fitowa in iri ya zube wuri ɗaya. A nan ƙwaryar ta kife masa, ko shi ya durƙusa. Ɗanmu ya gani tun lokacin noma, bai cire ba, bai kuma faɗa mini ba. Bayan wurin kuma sai ga gurabun sun ci gaba, ƙanana, kusa-kusa, har iyakar gona. Ya tashi ya ƙarasa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ban matsa ba, ban kira shi ba, kukan da kansa ya zo. Na ji shi a kumatun dama, na ji shi a na hagu, yana sauka har haɓa yana ɗiga a kan zanena da kan ƙasar gonar. Ina cikin yi na kai yatsa na taɓa ƙarƙashin girar hagu. Wurin a lafe yake. Duk abin da ya taso fita yake yi.

Yaya ta daɗe a tsaye tana duban ƙananan gurabun nan. Ta sa sandarta ta auna tsakanin biyu, ta sake aunawa. Sannan ta zauna kusa da ni da ƙyar, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. Ita ta goya shi. Na ji kafaɗarta tana motsi a jikin tawa.

Idon yakan bushe mini yanzu in zafi ya yi yawa, Auta tana sayo mini maganin ɗigawa a Filinge. Amma kuka ina yin abina, a ɗaki, a bakin rijiya, a gaban baƙi, har matan garin da suka yabe ni da tawakkali sun fara cewa na cika kuka. Yanzu ma Auta ta ajiye alƙalami ta jira ni kafin mu kawo nan.

A ranar nan a gona, da rana ta take, Yaya ta share fuskarta ta dafa sanda ta miƙe.

"Tashi mu tafi, Amarya. Likita ta ce ki kiyayi rana."

Na ce ta yi gaba, ban gama ba.